Yadda x ya cinye mini shekara guda

Ƙannena, yau maganar lissafi za mu yi, kada kowa ya juya shafi.

D7 na samu a lissafi a WAEC. Yawancin kwasa-kwasan jami'a sai da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, kiredit kuwa daga C6 yake farawa. Abokaina suka wuce, ni na koma kwalejin share fage, kullum ina tarar A Daidaita Sahu daga Mandawari.

Aljebra ce ta kayar da ni. Tun JSS 2 nake haddace matakai ban san me x yake nufi ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Wata rana malaminmu ya ce: an aike ka kasuwar Rimi, ka auno gero mudu uku, ka ba ɗan dako naira 200, duka ka kashe 3,200. Nawa mudu? Muka amsa baki ɗaya, dubu guda. Sai ya rubuta 3x + 200 = 3,200. Wallahi na ji haushin kaina.

Shi kansa Al-Khwarizmi, wanda daga sunan littafinsa na Bagadaza, wajen shekarar 820, aka samo kalmar aljebra, da zance ya rubuta lissafinsa, ba x ko ɗaya. Babban ɓangaren littafin ma kan wasiyya ne da rabon gado. Tun ranar, kowace tambaya sai na mayar da ita Hausa kafin in taɓa biro. Da na sake zama, C4 na samu.

Ga taku: 5x − 300 = 2,200. Ku ƙirƙiro mata labarin kasuwa ku aiko, zan buga mafi daɗi mako mai zuwa.