Gasa ce ta sauko da kuɗin waya

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2001 zai tuna yadda wayar tarho take a ƙasar nan. A unguwarmu gida ɗaya ne ke da ita. Idan ɗan'uwa ya bugo daga Legas ko Jidda, sai a aiko yaro ya kira ka, ka zauna a zauren mutane kana jiran a sake bugowa. Layukan da ke aiki a faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma da ta haura miliyan 100, kuma kusan dukkansu suna hannun kamfanin gwamnati, NITEL.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma zuwa watan Agusta Econet da MTN sun fara aiki. Da farko abin na masu hali ne: layi kan kai naira dubu 20, kira kuwa naira 50 a minti, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan sauran suka bi sahu. Ɗan kasuwa yakan rage farashi ne idan ya ga mai saye na shirin wucewa rumfar gaba.

Yau dillalin hatsi a Dawanau yakan ji farashin Legas kafin ya loda mota, uwa a ƙauye kuma ta karɓi saƙon ɗanta a wurin mai POS. Wasu na cewa wannan albarkar sayar da kadarorin gwamnati ce. Ni ban yarda ba. Daga 2013 aka fara miƙa rarraba wutar lantarki ga kamfanoni 11, aka yanka wa kowanne yankinsa. An sauya mai shago, amma mai saye bai samu shago na biyu ba, kuma kowa ya san halin da wuta take ciki.

Abin da ke damuna shi ne gasar nan ta fara sanyi. Cikin manyan kamfanoni huɗu, ɗaya na riƙe da kimanin rabin masu layi, na huɗun kuwa, wanda ya shigo a 2008 da sunan Etisalat, ya rasa mafi yawan abokan cinikinsa. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100. Hujjar kamfanonin, wato tsadar man dizal da faɗuwar naira, gaskiya ce. To amma idan kowa ya ƙara kuɗi lokaci guda, ina talaka zai koma? Ga kuma ƙauyukan da har yanzu sai mutum ya hau tudu yake samun sabis, domin kamfanoni ba su hango riba a can ba.

Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman don irin waɗannan yankuna. Ya kamata wakilanmu a Majalisar Tarayya su nemi bayanin ƙauyuka nawa ya kai wa waya, su kuma tambayi NCC me take yi don sabon kamfani ya iya shigowa ya rayu.