In Sikeli Ya Tsaya Cik

Yau da ke na ke, ke da likita ya ce ki rage ƙiba saboda hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon gwiwa. Kin bi umurni, kin rage tuwo, kin bar lemon kwalba. Watan fari kika hau sikelin asibiti, kika ga kilo 3 ya tafi, kika dawo gida da murna. Wata biyar, wata shida, sai sikeli ya tsaya cik. To, nan ne mata da yawa kan yi fushi su koma gidan jiya, waɗansu kuwa su hana kansu abinci ɗungum. Kada ki bi ko ɗaya cikinsu, sai kin ji dalili.

Abin da ya zuba da sauri a makonnin farko, da yawansa ruwa ne. Kitse ba ya tafiya da gaggawa haka.

Sa'an nan jikin mutum mai tattali ne, kamar ke. In maigida ya rage kuɗin cefane, ai ba kya hura wuta da itace biyar, sai ki koma uku. Ko kina kwance, zuciya na bugawa, huhu da hanta da ƙwaƙwalwa na aiki, wannan aiki na ɓoye kuwa shi ke cinye wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin da jiki ke ƙonawa kullum. Da nauyi ya ragu sai bukata ta ragu, zama ƙaramar tukunya ba ta cin itacen babba. Bayan wannan ma, jiki kan ƙara tsuke bakin aljihunsa, don shi a ganinsa fari aka shiga.

An gwada wannan a Amurka, a Jami'ar Minnesota, daga 1944 zuwa 1945. Wani masani, Ancel Keys, ya tara samari 36 da suka yarda don kansu, aka riƙa ba su wajen rabin abincin da suka saba har wata shida. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Ga sanyi, ga kasala, ga saurin fushi. Har ta kai waɗansunsu, maza fa, suna tara littattafan girki suna karantawa don tsananin kwaɗayi. Abin da zama da yunwa ke jawowa ke nan.

A 1994 kuma aka gano cewa kitse da kansa yana aika saƙo ta cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa, masana suka sa masa suna leptin. In kitse ya ragu, saƙon ya ragu, sai yunwa ta ƙaru. Watau ba raunin zuciyarki ba ne. Amma fa ki lura, nan ne loma kan ƙara girma ba ki sani ba.

Don haka, kafin ki rage kome, ɗauki littafi ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki har kwana bakwai. Ɗanɗanon miya, ki rubuta. Ragowar kwanon yara da ki ke cinyewa wai kada a yi asara, ki rubuta. Sugan koko da na zoɓo, ki rubuta. Ki fi sa ido ga mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori wajen 120, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin abinci. Wace ce cikinmu ke auna mai da cokali? Tuttulawa mu ke yi daga kwalba.

Kada ki rage wake, ƙwai, kifi, nono ko awara, su ke riƙe ciki, su tsare tsoka, tsoka kuwa ta fi kitse cin itace. Ki cika rabin kwano da zogale, rama ko kabeji. Ki riƙa tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, daidai da minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Wadda ba ta fita, tsakar gida ta ishe ta, daka da jan ruwa ma ba abin rainawa ba ne. Ki sami isasshen barci.

Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, da safe. Gab da al'ada jiki kan riƙe ruwa, kada ki tsorata. Mai kilo 90 in ta rage 5 zuwa 9 ta riƙe su, jini da suga kan yi sauƙi, ko da sikeli bai ƙara motsi ba.

Shayin rage ƙiba da a ke talla, yawancinsa gudawa da fitsari ya ke sawa, ruwa ki ke zubarwa da kuɗinki. Mai shan maganin suga, kada ki tsallake abinci sai da sanin likita, zama suga na iya faɗuwa ki suma. Mai ciki da mai goyo su jira tukuna. Ku kuma 'yan makaranta, jikinku girma ya ke yi, ku bar alewa da lemon kwalba, amma ku karya kumallo kafin ku tafi aji.