Hanyar Filinge Zuwa Menaka Ce Za Ta Auna Fasfon AES

Duk wanda ya taso daga Yamai ya nufi Filinge, tafiyar kilomita kusan 180, da ya kai Balleyara zai ga ƙasa ta sauya masa fuska. Hanya ta shiga kwarin Dallol Bosso, tsohon gulbin da ya ƙafe tun fil azal, wanda a da yake kwaso ruwan duwatsun Abzin da na Adrar ta kwarin Azawak ya kai shi kogin Isa kusa da Bumba. Dama da hagu ga jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, a tsakiya ga gawo da goriba da gonakin hatsi, ruwa kuma kusa yake, mai haƙar rijiya ba ya wahala. Daga Filinge hanya ta miƙa arewa cikin ƙasar Kurfai, ta bi Tukunus, ta kai Abala, ta tsallaka iyakar Mali zuwa Andarambukan mai babban tabki, sannan Menaka. Tafiya ce mai cika ido, musamman da kaka, amma yau ɗan Yamai ba ya sa ta cikin lissafinsa, ɗan Abala kuwa sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya yaƙi kafin ya kama ta.

Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO, suka kuma fito da fasfon ƙawancensu na AES. An yi ta nuna shi a talabijin. A ganina, ba a filin jirgin saman Yamai ko na Bamako za a san darajar wannan takarda ba. Za a san ta ne ranar da motar 'yan kasuwa ta tashi daga tashar Filinge da safe ta sauke lodi a Menaka, ta komo da mutanenta cif. Buɗe wannan hanya ga talaka aikin tsaro ne shi kansa, kuskure ne a ajiye shi a matsayin ladar da za a ci bayan an gama yaƙi.

Iyakar da ke arewacin Abala Faransa ce ta ja ta tsakanin yankuna biyu da take mulka, amma kwarin bai san da ita ba. Da damina makiyaya, Fulani da Buzaye, suna bin sa zuwa arewa don su ba manoma wuri, bayan girbi su gangaro dabbobi su ci karan gona su bar taki. Kurfayawa na sayar da hatsi, su sayi dabba. Jajayen shanun Azawak da ake alfahari da madararsu daga wannan kwari suka samo suna, su ne kuma ake kiwo da inganta irinsu a tashar Tukunus tun 1954. Kasuwar Balleyara da ke ci kowace Lahadi, wadda ke ciyar da mahautan Yamai har dabbobinta su kai Najeriya, da abin da ke gangarowa ta wannan hanya ta yi kauri. In an toshe kan kwarin, gindinsa ne ke ramewa.

An kuwa toshe shi. Rikicin arewacin Mali na 2012 ya koro dubban mutane zuwa sansanin gudun hijira na Abala. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a gundumomin iyaka na jihar Tillaberi. Ranar 9 ga Janairun 2020 aka kashe sojoji 89 a Shinagodar, ranar 15 ga Maris 2021 kuma 'yan bindiga suka tare masu komowa daga kasuwar Banibangu, mutum 58 suka rasu. Tun 2022 mayaƙan Da'esh suka mamaye mafi yawan yankin Menaka, har da Andarambukan. Hukuma ta mayar da martani da abin da ya fi sauƙi a hannunta: an rufe wasu kasuwanni, an taƙaita sayar da mai, an hana hawan babur daga Janairun 2020. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne abin dubawa. Saurayin da ke kabu-kabu ya wayi gari ba sana'a, mai haƙuri ya rasa abin da zai kai shi asibiti, ɗan kasuwar da ke kawo labarin abin da ya gani a hanya ya daina fita. Hanyar da talaka ya ƙaurace wa ba ta zama kango, mai bindiga ne ke gadon ta, ya kafa nasa shinge, ya karɓi abin da yake kira zakka a kan shanun mutane.

Za a ce wannan magana ta mai zaune a inuwa ce, wa zai tura mutane bakin kura? Ƙorafin yana da nauyi. Abin da ya faru a Kure, ƙasar raƙuman dawa da ke kudancin wannan kwari, ranar 9 ga Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya isa darasi ga mai gaggawa. Ba wanda ke cewa a cika bas da 'yan kallo a nufi Menaka gobe. Abin da ake nema shi ne a yi aikin zango-zango: a tabbatar da Yamai zuwa Filinge, sannan Filinge zuwa Abala, da rakiyar sojoji a ranakun kasuwa waɗanda kowa ya san su, ba rakiyar manya kaɗai ba. A Janairun 2025 ministan tsaron Nijar ya sanar da rundunar haɗin gwiwar AES mai dakaru 5,000. Runduna irin wannan, in ba ta iya riƙe hanya ɗaya da ta haɗa biyu daga cikin ƙasashenta uku ba, da me za a gane amfaninta?

Wasu kuma na cewa buɗaɗɗiyar hanya 'yan ta'adda za ta yi wa rana, su samu mai da abinci. Su ai ba su taɓa jiran kwalta ba, ta daji suke bi. Wanda ke tsayawa a shingen jandarma ya miƙa takarda, shi ne mai kayan halal. Abin da ke hana fasa-ƙwaurin mai shi ne bincike na gaskiya da jami'in da ba a saye shi da jaka biyu, da mutanen gari da ke ganin ribarsu na tare da hukuma.

Masu sha'awar yawon buɗe ido na da tasu hujja: in duwatsu ake so, ga Abzin, ga Bagzan mai tsayin mita 2,022, ga Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, me za a yi da tuddan Kurfai? Gaskiya ne ba sa'o'in juna ba ne. Sai dai yawon Abzin da jiragen Turawa ya dogara, shi ya sa tawayen 2007 ya durƙusar da shi. Agadas ta fi kilomita 900 daga Yamai, Filinge kuwa ma'aikaci da iyalinsa, ko ɗaliban jami'a, za su je su hau dutse, su ga garken Tukunus, su kwana ɗaya su komo. Baƙon gida ba ya jiran izinin ofishin jakadanci, kuma kuɗinsa hannun mai masauki da mai tuwo da direba suke faɗawa kai tsaye.

Ba a rasa masu sanin wannan ƙasa a fadar gwamnati ba. Marigayi shugaba Janar Seyni Kunce ɗan Fandu ne, shugaba Janar Abdurahaman Tiani kuma ɗan Tukunus, ƙauyen da wannan hanya ta ratsa. Zangon Yamai zuwa Abala a hannun Nijar kaɗai yake, ba ya buƙatar taron shugabanni, kuma hukumomin Tillaberi na iya fara bayyana wa jama'a duk wata yawan motocin da suka shiga Abala ranar kasuwa suka fito lafiya. Zangon da ya rage sai Mali ta mayar da jami'anta da sojojinta Andarambukan sun zauna, kuma wannan buƙata ce da ta kamata Yamai ta gabatar wa Bamako a rubuce, da wa'adi.