An Kai Samame Idumota, Amma Mai Tallan Maganin Jijiya Yana Nan

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2025 hukumar NAFDAC, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta dira a manyan kasuwannin magani na Kudu, watau Idumota a Ikko, da ta bakin gada a Anacha, da Ariariya a Aba. Aka rufe shaguna, aka kwashe jabun magunguna da waɗanda suka lalace mota-mota. Aiki ya yi kyau. To, amma duk wanda ya zauna Agege ko Sabon Badun ya san talakanmu ba ya zuwa Idumota sayen magani. Mai talla ne yake kawo masa har bakin rumfa, cikin faranti, rana tana dukan ƙwayoyin.

Cikin abin da mai talla yake kurarin sayarwa akwai "maganin buɗe jijiya". A nan ne harshenmu ya yi mana ƙafar ungulu. Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran wadda take kai saƙon ji da motsi jijiya, har ma agarar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya ce a wurinsa. Abu uku, suna ɗaya. Mai gadi da ya kwana a tsaye, da mai turin ruwa, da dattijon da ciwon sukari ya kashe wa tafin ƙafa, duk ƙara ɗaya suke kawowa, wai jijiya ce, alhali kuwa cutarsu ba ɗaya ba ce.

Gaskiya ne akwai magungunan da suke sassauta bangon hanyoyin jini har su buɗe. Amlodipine da nifedipine na hawan jini haka suke aiki. Akwai kuma cilostazol, wanda likita yake bai wa mai toshewar hanyoyin jini na ƙafa. Alamar wannan cuta sananniya ce: mutum ya kama tafiya, sharaɓa ta ɗaure masa da ciwo, ya tsaya ya huta ta sake shi, ya ci gaba ciwon ya dawo. Masu shan taba da masu ciwon sukari ta fi kamawa. Ko a nan ɗin ma, likitoci sun fi ƙarfafa barin taba da yawan tattaki, ƙwaya taimako ce kawai. Kuma an hana cilostazol ga wanda zuciyarsa ta gaza. Yaya mai faranti zai gane mai irin wannan zuciya? Wanda kuwa sukari ya ɓata masa jijiyar ji, ko ya sha buhu guda ƙafar ba za ta farfaɗo ta wannan hanya ba.

Mafi haɗari shi ne wanda ba a faɗin sunansa a gaban yara. Sildenafil, da aka fi sani da Viagra, kamfanin Pfizer ya fara gwada shi ne a Ingila domin ciwon ƙirji, daga baya Amurka ta amince da shi a 1998 a matsayin maganin maza. Shi ma hanyar jini yake buɗewa. In mai ciwon ƙirji yana sa ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe, ya kuma haɗa da sildenafil, jininsa yana iya faɗuwa ƙasa warwas, ya suma, wani sa'i ma ba a tashi. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da suka ɓoye irin wannan sinadari cikin zuma suna sayarwa. Wanda ya sha irin wannan zuma yana tsammanin gargajiya ya sha.

Me ya sa mutanenmu suke bin mai talla? Kuɗi ne. Tun da aka saki darajar naira a 2023 magani ya yi tsada ƙwarai, kuma a shekarar ce kamfanin GSK ya ba da sanarwar daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya. Ga kuma matsalar harshe: baƙon da ba ya jin Turanci ko Yarabanci yana tsoron layin asibiti, mai talla kuwa da Hausa yake yi masa bayani, har ya ba shi bashi. Kada mu ɓoye, da yawa daga masu tallan nan 'yan uwanmu ne.

Saboda haka a ganinmu samame a kasuwa rabin aiki ne. A Kano an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, amma mai faranti bai bar tasha ba. Abin da zai rage masa ciniki shi ne awon jini kusa da jama'a. Na'urar awon hawan jini ba ta fi ƙarfin asusun masallacin Juma'a ba. Sarakunan Hausawa na Agege da Shagamu da Badun suna iya neman ma'aikatar lafiya ta jihohinsu ta riƙa turo ma'aikaci mai jin Hausa sau ɗaya a wata, ya zauna a ƙofar fada bayan an sauko daga salla, ya auna jini da sukari, ya kuma sa mai kukan ƙafa ya cire takalmi a duba.