Ƙaiƙayin Jikin Yaro: Kada Magani Ya Fi Ciwon Ɓarna

Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka lokacin kaka ya san ƙaiƙayi. Mata na shiƙar hatsi, iska na kwasar ƙaiƙayin tana zuba wa wanda ke tsaye a bayanta. Babba yakan kakkaɓe rigarsa, ya yi wanka, shi ke nan. Yaro kuwa ba ya da haƙurin babba. Sai ya sa farce ya yi ta susa har fata ta fashe. Da dare ya hana kansa barci, ya hana uwarsa.

A ƙasar Magariya da Dungas babu gidan da bai san wannan kuka ba. Daga Bande zuwa Waca, daga Sassumburum zuwa Dogo-Dogo da Malawa, labarin ɗaya ne. Amma mun saba ɗaukar ƙaiƙayi ƙaramin abu. Mukan ce ai ba zazzaɓi ba ne, ba zawo ba ne, zai wuce. In ya ƙi wucewa, sai mu shafa wa yaro duk abin da hannu ya kai gare shi.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, nan ne kuskurenmu yake. Sau da yawa ba ƙaiƙayin ne ke illata yaro ba. Susa ce, da kuma abin da muka shafa masa. Saboda haka muna roƙon iyaye abu uku: mu gane irin ƙaiƙayin, mu lallashe shi da abin da ba ya cutarwa, mu san ranar da zama gida ya ƙare.

Ƙaiƙayi ba iri ɗaya ba ne

Akwai ƙurajen zafi. Su ne ƙanana da ke fesowa a wuya, da baya, da ƙirji lokacin bazara. Zufa ce ke toshe ƙofofin fata. Sun fi kama jaririn da ke wuni a goye cikin zane mai kauri.

Akwai bushewar fata ta hunturu. Fata takan yi fari, ta yi kaushi, ta tsattsage.

Akwai ƙaiƙayin hatsi da na ciyawa, da cizon sauro da kuɗin cizo.

Akwai makero. Shi yakan yi zobe a fata. In ya kama kai, gashin wurin yakan zube. Yana bin aska da mataji da hula daga wannan kai zuwa wancan.

Sa'an nan akwai ƙazuwa. A kanta za mu daɗe, domin ita ce ke cin gida gaba ɗaya.

Mece ce ƙazuwa?

Wata ƴar ƙwaro ce ke kawo ta. Ƙanƙanta ce ƙwarai, da wuya ido ya gan ta. Macen takan haƙa rami a cikin fatar mutum, ta riƙa saka ƙwai biyu ko uku kowace rana. Bayan kwana uku ko huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su girma su ma su shiga haƙa.

Ga yadda ake gane ta. Ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare. Ƙurajen sukan fito a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da hammata, da ƙugu, da ɗuwawu. Ga jariri kuwa har tafin hannu da tafin ƙafa da kai. Babbar alama ita ce a ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya suna susa.

Ƙazuwa tana bin haɗuwar jiki da jiki, kamar goyo da kwana a tabarma ɗaya. Tana kuma iya bin bargo da tufafi. Abin lura shi ne, wanda ta kama karo na farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara susa. Duk tsawon wannan lokaci yana iya ba wa wani. Shi ya sa in an yi wa yaro magani shi kaɗai, bayan ƴan kwanaki sai ta dawo masa daga jikin uwarsa ko na wansa. Nan ne ƙaiƙayi ke komawa kan masheƙiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutane miliyan 200 ko fiye suna fama da ƙazuwa. A shekarar 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Ke nan ba ciwon ƙauyenmu kaɗai ba ne. Ba kuma shaidar ƙazanta ba ce. Tana kama mai wanka kullum, in dai ya kwana da mai ita. Cunkoso take so. Kunyar faɗinta ita ce ke ba ta wurin zama.

Inda haɗarin yake

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. Idan farce ya tsaga ta, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Sai ƙurji ya yi ruwa, ya yi mugunya, ya zama gyambo. Wani lokaci ƙwayoyin su shiga jini. Wani lokaci kuma, bayan ƴan makonni, ciwon ya taɓa ƙoda. Sai a ga fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya ragu, ya yi duhu kamar ruwan shayi. Mutane da yawa ba sa haɗa wannan da susar da aka yi a baya, alhali ita ce mafarinsa.

Yaron da tamowa ta raunana ya fi kowa shiga wannan haɗari. Mu a nan mun san tamowa. Tun shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin kula da yara a Magariya. A daminar 2018 yaran da aka kwantar a sashen yara na asibitin Magariya sun haura 700 a lokaci guda, yawancinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Jikin da ke fama da waɗannan biyu ba ya da ƙarfin ɗaukar gyambo a kansu.

Abin da za mu yi a gida

1. A yanke wa yaro farce, a wanke masa hannu da sabulu. Wannan shi ne maganin farko, kuma ba ya cin ko dala.

2. A yi masa wanka da ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, da sabulu mara ƙamshi. Kada a dirje shi da soso. A tsane jikin da tsumma mai laushi.

3. In susa ta tashi da dare, a jiƙa tsumma mai tsabta a ɗora a wurin. Sanyin yana kwantar da ƙaiƙayi.

4. A sa masa riga sakakkiya ta auduga. Kayan roba suna riƙe zufa.

5. In ƙurajen zafi ne, a sauke shi daga goyo ya sha iska a inuwa. Kada a lafta masa mai, domin mai yana ƙara toshe fata.

6. In bushewar hunturu ce, nan ne mai ke da amfani. A shafa man kaɗe ko basilin bayan wanka.

7. Ranar sussuka da shiƙa, a ajiye jariri nesa, ta wajen da iska ke fitowa. Da an tashi a wanke shi, a sake masa tufafi.

8. Yaron da bai kai wata shida ba, a ci gaba da ba shi nono zalla. Ƙuraje ba dalili ba ne na ɗura masa jiƙo.

Abin da ba ya taɓa jikin yaro

A nan muke so manoma su saurara da kyau. A gidajenmu akwai maganin ƙwari na gona da na ajiyar wake. Akwai fiya-fiya. Wani yakan ce tun da yana kashe ƙwaro, zai kashe na ƙazuwa da kwarkwata. Wannan lissafi yana iya kashe yaro. Guba tana ratsa fata ta shiga jiki, kuma fatar yaro ta fi ta babba laushi. Inda fata ta fashe kuwa, shigarta ta fi sauri.

Haka nan kalanzir, da baƙin man inji, da baƙin garin cikin batir, da toka. Duk suna ƙona fata. Haka maganin dabbobi. Gaskiya ne akwai maganin da likitan dabbobi ke ba akuya da raƙumi mai suna ɗaya da na mutane. Amma an auna shi ne don dabba. Na mutane ma ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba, ba a ba mace mai ciki.

Sai kuma mayukan bututu da masu talla ke yawo da su ranar kasuwa. Da yawansu suna da wani sinadari mai ƙarfi, irin wanda ke cikin mayukan canza launin fata. Yana kwantar da susa kwana biyu, uwa ta ji daɗi. Amma bai kashe ƙwaron ƙazuwa ba, makero kuwa ƙara faɗi yake yi. Garin neman ƙiba a samo rama.

Masu cewa likita ta yi nisa

Mun san abin da wasu za su ce. Gidan likita na da nisa, hanya yashi ce, ga aikin gona, ga kuɗin amalanke ko babur. Ruwan sha ma da ƙyar ake jawo shi, balle na wanki. Wannan duk gaskiya ne, ba mu raina shi ba.

Amma mu yi lissafi. Tafiya ɗaya zuwa asibitin CSI ko ƙaramin gidan likita na kusa, wuni guda ce. In ƙurji ya zama gyambo har aka kwantar da yaro a Magariya ko Dungas, uwa za ta bar gida kwana da kwanaki, sauran yara babu mai kula da su. A shekarar 2006 ne gwamnatin Nijar ta kafa tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mu je da katin yaro, mu tambayi haƙƙinsa.

Wasu kuma za su ce kakanninmu da ganyen dogon yaro suka yi wa ƴaƴansu wanka. Ba mu zagi abin da muka gada ba. Amma in an yi kwana uku ana wanka, susa ba ta ragu ba, ko ta kama wani a gidan, to lokacin tafiya ya yi.

Gida ɗaya, rana ɗaya

Ƙazuwa tana da magani. Akwai na shafawa, akwai na haɗiya. Jami'in lafiya ne zai zaɓa bisa shekarun yaro da nauyinsa. Sharuɗɗan su ne:

A yi wa kowa a gidan magani rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba.

A shafa a dukan jiki daga wuya zuwa tafin ƙafa, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ba kan ƙurajen kaɗai ba. Game da kan jariri, a tambayi jami'in lafiya. A bar maganin tsawon lokacin da ya faɗa. In ya ce a maimaita bayan mako guda, a maimaita.

A wanke tufafi da zannuwa da ruwan zafi, a shanya a rana. Inda ruwa ya yi wuya, a ɗaure kayan cikin leda mako guda. Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu ko uku a raye in ya rabu da jikin mutum.

Susa tana iya ci gaba mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu. Kada a ce magani bai ci ba, a koma wa mai talla.

An gwada wannan dabara a wasu tsibirai na ƙasar Fiji, aka bayyana sakamakon a shekarar 2015. Inda aka yi wa dukan jama'a magani tare, yawancinsu da maganin haɗiya, ƙazuwa ta ragu da kashi 94 cikin 100 bayan shekara guda. Darasin a fili yake: ciwon da aka ɗauka tare, tare ake kore shi.

Saboda haka muna kira ga masu gida su tsaya a kan wannan, kada a bar wa mata su kaɗai. In gida na da ɗakuna huɗu, duka huɗun ne. Muna kira ga malaman makarantun allo, inda almajirai ke kwana da yawa a zaure ɗaya: in yaro biyu sun fara susa, a sanar da jami'in lafiya. Wanda ya dawo daga cin rani yana susa, a duba shi kafin ya ɗauki jariri. Wanzamai kuma su riƙa sake reza ga kowane kai.

Ranar da ba a jira

A kai yaro likita nan take:

in ƙuraje sun zo da zazzaɓi, da tari, da jan ido, domin yana iya zama baƙon dauro;

in ƙurajen sun yi mugunya, ko wurin ya kumbura ya yi zafi;

in fuska ko ƙafafu sun kumbura, ko fitsari ya yi duhu;

in leɓe ko fuska sun kumbura, numfashi na yi masa wuya, musamman bayan shan wani magani;

in fata na saluɓewa, ko yaro ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki;

in jariri ne da bai kai wata biyu ba.

Baƙon dauro yana da allurar rigakafi. Ta farko a wata tara, sa'an nan a koma a yi ta biyu. Yaron da ke da zazzaɓi da ƙuraje, kada a ba shi asfirin.

Ƴan uwa, manomi ba ya zuba kowane magani a kowace gona. Sai ya sunkuya ya duba ganye, ya ga irin ƙwaron, in bai gane ba ya tambayi malamin gona. Yaro ya fi gona. Yau da dare, in kuka ji ana susa a ɗaki, ku haska fitila ku duba tsakanin yatsunsa. Ku yanke farce, ku jiƙa tsumma. Da safe ku tambayi sauran mutanen gida ko akwai mai susa, sa'an nan ku kama hanyar likita tare.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.