DAGA ZAUREN ZANGO: Kafin A Je Banki Neman Rancen Gina Gida

Da ma mun yi niyyar ci gaba da maganar kuɗin haya ne, to amma sai wani al'amari ya taso wanda muka ga bai kamata a bar shi ya kwana ba.

Wani dattijo ne, fataken shanu daga Dapaong, ya same mu ransa a ɓace. Shekara fiye da 20 ke nan yana sayen dabbobi a Sinkase yana loda su zuwa Lome, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya cin haƙƙin kowa. Ya sayi fili, ya ɗora gini har ya kai kan taga, sai kuɗi suka tsaya. Ya je wani banki neman rancen sefa miliyan 10 don ya rufe ginin ya fid da iyalinsa daga gidan haya, aka ce ya kawo takardun shige da ficen kuɗin asusunsa na shekara guda. Da aka buga takardun sai ga asusu kamar kangon gida, wata da watanni ba abin da ya shiga. Da ya ga haka sai ya bi abokan sana'a ya tattaro miliyan 6 ya zuba a rana ɗaya, ya koma. Bayan mako uku aka ba shi haƙuri. Ya ce mana, "Malam, yanzu a garin nan har akwai wanda bai san ni ba?" Muka ce, "Alhaji, an san ka. Amma waɗanda suka yanke hukuncin suna Lome, kuma abin da aka aika masu kaɗai suka gani."

To, a nan gizo yake saƙar. Mu mun tashi ne a kasuwar da amana take tafiya da baki da shaidar jama'a. Mutum ya karɓi kaya daga uban gidansa ba tare da rubutu ba, ya sayar ya kawo kuɗi. Mata kuma suna da adashi, ga masu zagayawa kullum suna karɓar ajiya da ake kira yes-yes. Duk wannan yana da kyau, kuma shi ya riƙe gidaje da yawa, sai dai ba ya barin sawun da ma'aikacin banki zai iya bi. Wanda ke juya miliyoyi a aljihun babbar riga, a idon banki bai kai ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ke faɗowa a asusu kowane ƙarshen wata ba.

Bari mu fara da ita wannan takarda da 'yan boko ke kira relevé de compte. Tun daga watan Oktoba na 2014 babban bankin ƙasashenmu, wato BCEAO da ke Dakar, ya sa wasu ayyukan banki su zama kyauta, kuma buɗe asusu da ba mutum wannan takarda sau ɗaya a wata suna ciki. Saboda haka haƙƙinka ne, ka riƙa karɓa kana adanawa. In ka bari sai ranar buƙata ka ce a buga maka na watanni 12 gaba ɗaya, to kada ka yi mamaki in an caje ka. Yawan watannin da ake nema ya danganta da banki, amma galibi mai albashi ana tambayarsa na 'yan watanni tare da takardun albashi da shaidar wurin aiki, shi kuwa ɗan kasuwa sai an duba nasa da nisa, domin cinikinsa yana hawa yana sauka.

Me suke dubawa a ciki? Abu na farko shi ne ɗorewa. Jika 300 da ke shiga kowane wata har shekara ta fi miliyan 6 da ta faɗo rana ɗaya daraja a wurinsu. Kuɗin da suka shigo kwatsam ana gobe za a kai takardu, su kansu tambaya suke jawowa, don kuwa dokar hana halatta kuɗin haram ta wajabta wa banki ya san inda suka fito, kuma ma'aikatan sun ga irin wannan dabara ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Suna kuma duba abin da ke saura bayan an cire na cefane da na makaranta da na sauran hidima. In kullum asusu sai an share shi tas kafin 10 ga wata, da me za a biya su? Shawararmu ga 'yan kasuwa ita ce a fara shiri shekara guda kafin a buƙaci rancen. Cinikin ranar kasuwa ya bi ta asusu ko da za a sake cire shi gobe. A raba asusun shago da na gida. Wanda ya sayi kaya daga nesa a ce ya turo ta banki. Abin da ya taru a Flooz ko Mixx, wanda aka sani da TMoney kafin ƙarshen 2024, a riƙa kwashe shi zuwa asusu. A kuma yi wa sana'ar rajista a sami lambar haraji, domin shagon da hukuma ba ta san da shi ba, da wuya banki ya san da shi.

'Yan'uwanmu da ke Jamus da Amurka, wannan magana har da ku. Kuɗin da kuke turowa ta hannun matafiya ko da sunan ƙani, ranar da za ku nemi rance ba za a lissafa maku su ba. Ku buɗe asusu da sunanku a nan gida.

Abu na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su ma san da zamansa ba. A da, mutum kan ci bashi a Kara ya gudu Mango ya buɗe sabon shafi. Wannan zamani ya wuce. Tun 2016 ƙasashe 8 masu amfani da sefa a yammacin Afirka suke da ofishin tattara bayanan bashi da ake kira BIC, wanda kamfanin Creditinfo ke gudanarwa daga Abijan, kuma a wannan shekarar ce Togo ta yi dokarsa. Bankuna da asusun ajiya da lamuni na jama'a suna aika masa labarin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, da yadda yake biya. A cikin tarin takardun da kake sa wa hannu ranar karɓar rance akwai ta amincewa da hakan, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Daga baya an shigar da bayanan manyan kamfanonin da ke kawo takardar biya, irin na lantarki da na ruwa. Daga waɗannan bayanai ne ake fid da maki, wanda ke nuna ko mutum mai cika alkawari ne. A Amurka, inda makin FICO ke tafiya daga 300 zuwa 850, har mai gidan haya yakan duba shi kafin ya ba da maɓalli. Mu ba mu kai can ba tukuna, amma hanyar ke nan.

Abin da ke kada mutanenmu a nan ba manyan basussuka ba ne. Ragowar jika 40 ne na wani tsohon rance da aka manta da shi. Mitar ruwa ce da sunanka a gidan da ka tashi tun shekara uku, wanda ya shiga bayanka kuma ba ya biya. Ko kuwa tsaya wa wani da ka yi saboda kunya, ɗan ƙanwa ko maƙwabci, shi ya daina biya bai gaya maka ba. Mata masu cin bashin ƙungiya su ma su lura, domin in ɗaya ta gaza, igiyar takan jawo sauran. Masu ba da cak kuma su sani BCEAO yana da wani kundi daban na waɗanda cak ɗinsu ya dawo babu kuɗi. Doka ta ba kowa damar ganin rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar neman gyara in an yi masa kuskure, kuma bayanan sukan zauna har shekara 5. Ka tambayi bankinka hanyar samunsa tun kafin ka kai takardu, don gyara yana cin lokaci.

Nan ne za mu ɗan ratse, saboda abin yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mutum ɗaya sai ka ga katin ɗan ƙasa ya ce Aboubakar, takardar haihuwa ta ce Boubacar, takardar fili kuma ta ce Aboubakari, ga shekarar haihuwa an rubuta ta da kintace. A zaure duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta mutum uku take gani. Iyaye, don Allah a daidaita sunayen yara tun daga takardar haihuwa, kada a gadar masu da wannan wahala.

Sai maganar fili. Banki yana karɓar jingina ne a kan titre foncier, wato takardar mallaka ta ƙarshe da ake samu ta hannun OTR, kuma dokar filaye ta 14 ga Yuni 2018 ta ƙara tabbatar da matsayinta. Rasidin da mai unguwa ya shaida, ko taswirar nan mai hatimi uku, matakai ne a kan hanya, ba su ne ƙarshen tafiya ba. Gidan gado da ba a raba ba kuwa, wannan sai an zauna da dukan magada. Za a kuma nemi izinin gini daga ofishin magajin gari da ƙiyasin kuɗin aikin, sannan ga kuɗin notaire, ga inshorar rai da ta gobara. Kada wanda ya shiga lissafi ya manta da waɗannan.

Tun da an zo lissafi, bari mu buga misali, kuma misali ne kawai, kowane banki da farashinsa. A ce miliyan 10 ne da ruwan kashi 9 cikin 100 a shekara. In za a biya cikin shekara 15, kowane wata zai kama wajen jika 101, a ƙarshe an biya fiye da miliyan 18. In shekara 10 ne, wata zai kama kusan jika 127, jimla miliyan 15 da ɗoriya. Da yake bankuna ba su cika yarda biyan wata ya wuce sulusin abin da mutum ke samu ba, mai son na shekara 15 sai ya nuna samun da ya haura jika 300 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Janairun 2023 sefa 52,500 ne. Wannan shi ya sa muke ganin rancen gida har yanzu bai sauko inda talaka yake ba, duk da cewa tun 2010 aka kafa CRRH-UEMOA, mai hedikwata a nan Lome, domin ta samar wa bankuna kuɗi masu dogon zango saboda gidaje. Mai albashi kuma ya tuna za a so a gama biya kafin ya yi ritaya, don haka mai shekara 50 ba zai sami tsawon lokacin da mai 35 zai samu ba.

Mun san da yawa daga masu karatunmu maganar ruwa ce ke tsayar da su, kuma ba mu raina wannan ba. Hukuncinta na malamai ne, ba na wannan fili ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne, a 2018 BCEAO ya fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi bisa tsarin Musulunci, inda banki zai iya sayen abu ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, kana biya kaɗan-kaɗan. Ka tambaya ko bankinka yana da wannan sashe. Amma a can ma sai an duba asusunka da tarihin bashinka da takardar filinka.

Shi dai Alhajin namu ya mayar wa abokansa miliyan 6 ɗinsu. Ya ce daga yanzu mahautan Lome ta banki za su riƙa turo masa kuɗi, ya kuma sa ɗansa ya bi masa maganar takardar fili, wadda ashe har yau sunan wanda ya sayar masa ne a kanta. Ginin kuwa ya lulluɓe kan bangon da leda saboda damina. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu bi matakan neman titre foncier ɗaya bayan ɗaya, tun daga kiran mai awon fili, kuma duk wanda ya taɓa bin wannan hanya a Tchaoudjo ko Tone muna roƙon ya rubuto mana yadda ta kaya.