Ƙorafi kan Rashin Gano Lalurar Galahanga da Wuri

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano

Ranka ya daɗe,

Mu iyaye ne na yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Kukanmu shi ne ba a gano lalurar da wuri, alhali yaran suna hannun ma'aikatan lafiya tun suna zanen goyo.

Kowace uwa ta san ranar awo. A ɗora yaro a sikeli, a auna damtsensa, a yi masa allura, a cika kati. Ba a taɓa tambayarmu ko yana waiwayowa in an kira sunansa ba, ko yana nuna abu da yatsa don uwarsa ta gani, ko yana haɗa ido da mutane. In uwa ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malama, ya kusa shekara biyu, ko Mama ba ya cewa," sai a ce mata, "Nauyin baki ne, maza haka suke." Ta koma gida. Yaron yana lungu yana jera marafan kwalba, wanda duk ya taɓa ɗaya sai ihu. In aka tada injin markaɗe a maƙwabta, ya toshe kunne yana buga kai da bango.

Daga nan kowa ya zama likita. Wannan ya ce shafar aljanu ce, wancan ya ce sammu. A yi ruƙiyya, a sha rubutu, a yi hayaƙi, a sayar da akuya. Ba mu raina addu'a ba, da ita muke tsaye. Amma a tsakanin nan ana dukan yaro wai taurin kai ne, ana zargin uwa da rashin tarbiyya, har auren wasunmu ya mutu. Kafin a kai ga likitan da zai faɗi sunan abin, yaro ya kai biyar ko shida, shekarun da koyon magana da mu'amala suka fi kama shi sun wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da wannan lalura. Jiharmu kuwa mazaɓu 484 gare ta, kowace cike da yara. Gwajin farko ba ya bukatar na'ura ko ɗibar jini: akwai takarda mai tambayoyi 20, ana kiranta M-CHAT-R, wadda ake yi wa iyayen yaro ɗan wata 16 zuwa 30. Dama ana kawo yara allurar ƙyanda ta biyu a wata 15, ana ba su bitamin A duk wata shida. Me zai hana a fassara tambayoyin da Hausa, a koya wa ma'aikatan awo, a yi su a wata 18 da kuma shekara biyu?

Akwai wani hatsarin. Alamomin kan bayyana a daidai lokacin da ake yawan rigakafi, kuma uwar da ba a yi wa bayani ba za ta ɗora laifin kan allura. Bincike ya nuna babu alaƙa tsakaninsu, amma Kano ta ga abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan-inna a 2003.

Gano lalura kaɗai ba ya isa. Uwa daga Doguwa ko Kunchi ba za ta iya zaryar birni ba. Muna roƙon a ware aƙalla babban asibiti ɗaya a kowace shiyyar sanata, mai likitan yara da mai koyar da magana, a kuma sa kuɗin ganinsu cikin tsarin taimakekeniyar lafiya. A kawo mana shirin horar da iyaye na Hukumar Lafiya ta Duniya, domin yaron a hannunmu yake wuni, a hannunmu yake kwana. Dokar tarayya ta hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin kulawar lafiya da ilimi. 'Ya'yanmu na ciki.

Muna roƙon a ba mu ranar zama da kai kafin 2 ga Afrilu, ranar galahanga ta duniya. Za mu zo da katunan awon yaranmu.

Allah ya taimake ka.

A madadin iyayen da suka sa hannu.